Majigin Leza Na Haɗin Gida: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Daidaita Ƙarfin Sigina

A Bauchi masu son haɗa majigin leza da hannunsu galibi kashi biyu ne. Akwai ɗaliban injiniyan lantarki na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, waɗanda ke neman aikin kammala karatu. Akwai kuma masu gyaran rediyo da kayan sauti, da ke son abin da zai rubuta sunan ango da amarya a jikin bango. Dukansu wuri ɗaya suke cijewa: kayan sun iso, kowanne lafiyarsa ƙalau shi kaɗai, amma da an jona su sai hoto ya maƙale a lungu, ko ya fito rabi, ko wani fanel ya yi hayaƙi. Kusan kullum matsalar ita ce ƙarfin siginar da wani sashe ke bayarwa bai dace da wanda na gabansa ke jira ba.

Wace sigina ce ake daidaitawa? Ba wuta ɗaya ce ke yawo a ciki ba?

A'a. Sigina iri uku ce, kuma kowacce da nata ma'aunin.

Ta farko ita ce ta dijital, wadda ƙwaƙwalwar na'urar ke magana da ita. Arduino Uno na aiki da bolt 5, ESP32 da Raspberry Pi kuwa bolt 3.3. Ta biyu ita ce ta juya madubai. Ƙananan injina biyu da ake kira galbo su ne ke riƙe da madubai, ɗaya na kai haske hagu da dama, wato X, ɗayan sama da ƙasa, wato Y. Direbobinsu na son sigina da ke sauka ƙasa da sifili ta kuma hau samansa, don sifili shi ne tsakiyar bango. Ta uku ita ce ta launi, wadda ke gaya wa ja da kore da shuɗi yawan hasken da za su bayar, daga 0 zuwa bolt 5.

Duk wanda ya ɗauki ukun nan a matsayin abu guda zai sha wahala. Kowacce sai an yi mata nata gyaran.

Mene ne ƙa'idar ILDA, kuma dole ne in bi ta?

ILDA ƙungiya ce ta ƙasa da ƙasa ta masu nunin leza, an kafa ta a 1986, ita ta tsara yadda majigi zai karɓi sigina ta soket mai ƙafa 25 da ake kira DB-25. Ba dole ba ne, amma muna ba da shawarar ka bi ta, saboda ranar da ka sayi wani majigin ko wata na'urar sarrafawa, waya kawai za ka cire ka soka.

A ƙa'idar, X da Y tagwayen sigina ne. Wayoyi biyu ke ɗauke da abu ɗaya amma a juye: idan X+ na kan +5V, to X− na kan −5V, bambancin da ke tsakaninsu bolt 10 ke nan, madubi ya kai ƙarshen dama. Idan suka juya, bambancin ya zama −10V, ƙarshen hagu. Launi kuwa bambancin 0 zuwa bolt 5 ne. A rubuce ana raba shi +2.5V da −2.5V, amma a aikace na'urori da yawa suna ba da 0 zuwa 5V a waya ɗaya su haɗa ɗayar da giraun.

Ƙafafun da za ka buƙata: 1 da 14 na X, 2 da 15 na Y, 5 da 18 na ja, 6 da 19 na kore, 7 da 20 na shuɗi. A kowane biyun, ta farko ce mai alamar +. Ƙafa 25 ce giraun, 13 ta marufin haske ce, tana buɗewa da bolt 5. Ƙafa 4 da 17 na tsaro ne: idan ba a haɗe suke ba, majigin da ya bi ƙa'ida ba zai kunna leza ba, don haka nan ne ake sa makunnin gaggawa.

Zan iya jona Arduino ko ESP32 kai tsaye da direban galbo?

Madubin zai motsa, amma ba za ka sami hoton kirki ba. Abin da Arduino Uno ke fitarwa da umarnin analogWrite ba analog ba ne na gaskiya, kunnawa da kashewa ne wajen sau 490 a daƙiƙa. Galbo na da saurin bin wannan, sai ya yi ta kaɗawa yana ƙara yana zafi. Idan ka sa kafasita don ka lafar da shi, siginar ta yi nauyin da ba za ta zana komai ba.

ESP32 na asali yana da DAC biyu, wato masu mayar da lamba ta zama bolt, a ƙafafunsa GPIO25 da GPIO26. Sai dai matakansu 256 ne kacal. A hoto mai faɗin mita 2, kowane mataki ya kusa milimita 8, da'ira za ta fito da haƙora kamar zarto. Aisi (IC) na DAC mai matakai 4096 irin MCP4822 yana rage wannan zuwa wajen rabin milimita. Yana da mafita biyu, yana magana da ƙwaƙwalwar na'urar ta hanyar aika bayanai mai sauri da ake kira SPI, kuma idan ka ba shi bolt 5 ka zaɓi ninki biyu a cikin umarninsa, yana fitar da 0 zuwa 4.095V. Guda ɗaya ya ishi X da Y, wasu biyu na launi. MCP4725 da aka fi samu a kasuwa yana bin wata hanyar aika bayanai da ake kira I2C, kuma a gudun 400kHz ba zai wuce sabuntawa dubu goma sha ƴan kai a daƙiƙa ba, ita ma a raba tsakanin X da Y. Bai isa ba.

To yaya zan mayar da 0 zuwa 4.095V ya zama −5V zuwa +5V?

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu bi shi a hankali. Abu biyu ake yi: a cire tsakiya, sannan a ninka. Tsakiyar siginar ita ce 2.048V. Idan aka cire ta, siginar ta koma daga −2.048 zuwa +2.047. Ana son faɗin bolt 10 daga faɗin bolt 4.096, ninkin ke nan 2.44.

Aisi mai ƙara ƙarfin sigina, wanda ake kira ofam, yana yin duka biyun lokaci guda da rizista huɗu. Ɗauki TL084 ko TL074, mai ofam huɗu a ciki. Daga mafitar DAC sa rizista 10k zuwa ƙafar + ta ofam, daga wannan ƙafar sa 24k zuwa giraun. Daga madogarar 2.048V, wato tsayayyen bolt ɗin da za a cire, sa 10k zuwa ƙafar −, daga ƙafar − sa 24k zuwa mafitar ofam. Abin da zai fito shi ne bambancin biyun sau 2.4, wato kusan −4.9V zuwa +4.9V. Wannan ne X+. Ƙarancin 0.1V ɗin ba asara ba ce, gara a bar wa madubi ɗan sarari.

X− kuwa, ɗauki X+ ka shigar da shi ofam na biyu ta rizista 10k zuwa ƙafar −, sa wata 10k daga ƙafar − zuwa mafita, ƙafar + ta tafi giraun. Zai ba ka abu ɗaya a juye. Maimaita wa Y da sauran ofam biyun, aisi ɗaya ya cika. A bakin kowace mafita sa rizista om 100 kafin doguwar waya, don ofam ba ya son nauyin doguwar kebul, yakan fara rawa.

Rizistocin su zama masu kuskuren kashi 1 cikin 100, masu shuɗin jiki. Idan masu kashi 5 kaɗai ka samu, sayi da yawa ka auna da mita ka ware waɗanda suka yi daidai da juna. Daidaituwarsu da juna ta fi muhimmanci a kan su faɗa kan lambar da ke jikinsu.

Madogarar 2.048V ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kar ka ciro ta daga bolt 5 na USB da rizista biyu, domin wannan bolt 5 ɗin yana hawa yana sauka, hoton duka zai riƙa zamewa tare da shi. Nemi TL431, wanda za ka iya cirowa daga matacciyar fawar kwamfuta ko caja. Haɗa ƙafarsa ta madogara da katod, ka ba shi wuta daga bolt 5 ta rizista 1k, zai tsaya kan kusan 2.5V. Ɗora firiset 10k mai juyi da yawa tsakanin nan da giraun, ƙafarsa ta tsakiya ta shiga ƙafar + ta wani ofam da aka haɗa mafitarsa da ƙafarsa ta −. Murɗa har mita ta nuna 2.048V. Idan babu wannan ofam ɗin a tsakani, rizistocin 10k za su ja madogarar ta goce.

Wanda DAC ɗinsa ke ba da 0 zuwa 3.3V, tsakiyarsa 1.65V ce, rizistocin kuma 10k da 30k.

Hoton ya fito daidai amma rabin girman da ya kamata. Me ya faru?

Ka ba da sigina tilo inda ake jiran tagwaye. Idan X+ na kai ±5V amma X− na kan giraun, bambancin bolt 5 ne ba 10 ba. Ba ya lalata komai, kuma in girman ya ishe ka za ka iya barinsa. Abin da ba a yi shi ne barin X− na direba a sake ba a jona shi da komai ba, zai riƙa tsintar ƙara daga iska.

Akasin haka shi ne mai haɗari. Wasu direbobi masu araha ±5V kawai suke ɗauka, idan ka ba su cikakken bambancin bolt 10 madubi zai riƙa dukan iyakarsa, za ka ji ƙas-ƙas. Duba takardar direban, ka fara gwaji da kashi 30 cikin 100 na girma. Kuma kar ka taɓa haɗa mafitar X− ta ofam da giraun da sunan mayar da sigina tilo, shot ka yi mata. Bar ta a sake, ka ɗauki X+ da giraun.

Hoton ya taru a lungu ɗaya na bango.

Ba a cire tsakiya ba, ko madogarar ta mutu. Aika lamba 2048, wato tsakiyar matakai 4096, zuwa X da Y ka auna X+ da Y+. Ya kamata su nuna sifili, ko abin da bai wuce 0.02V ba.

Idan kuwa a daidai lokacin kunnawa ne kawai madubi ke fizga zuwa gefe, dalilin daban ne. MCP4822 ba ya fitar da komai sai an rubuta masa umarni na farko, ofam kuma na ganin sifili ya cire 2.048 ya ninka, sai −4.9V. Layin farko na manhajarka ya zama aika 2048 ga madubai da 0 ga launuka.

Ina amfani da ESP32 da MCP4822, wani lokaci layuka na tsalle ba dalili.

Aisin da ke kan bolt 5 yana son siginar dijital ta kai kashi 70 cikin 100 na wutarsa kafin ya tabbatar da ita, wato 3.5V. ESP32 na ba da 3.3V. Yakan yi aiki a kan tebur da safe ya ƙi da rana, shi ya sa yake ruɗa mutane. Sa 74AHCT125 ko 74HCT245 a tsakani, ka ba shi bolt 5. Harafin T ɗin nan shi ne maganar: masu shi suna karɓar bolt 2 a matsayin sigina ta hau, marasa shi irin 74HC suna da matsalar da kake gudu. Ƙananan fanel masu BSS138 da ake sayarwa don canza 3.3 zuwa 5 an yi su ne don I2C, a saurin SPI siginarsu ba ta gama tashi.

Idan sigina ce za ta sauko daga bolt 5 zuwa ƙafar ESP32 ko Raspberry Pi, rizista 1k a sama da 2k zuwa giraun sun wadatar. Ba su jure bolt 5 kai tsaye.

Kar ka manta da ƙafar LDAC ta MCP4822, wadda ke sa mafitun biyu su canza lokaci guda. Rubuta X, rubuta Y, sannan ka sauke LDAC su fita tare. In ba haka ba, layin da ya kamata ya tafi a karkace zai fito kamar matakala.

LM358 ne a shagon da nake saye. Ba zai yi ba?

Ga launi yana iya lallaɓawa, ga madubai muna hana shi. A maki 30,000 cikin daƙiƙa, wato ɗigogin da madubai ke bi su zana hoto, kowane maki na da wajen maikrosakan 33, kuma tsallen bolt 10 a wannan lokacin ya kai iyakar saurin LM358. Yana kuma ɗan tsayawa idan zai ƙetare sifili, daidai tsakiyar hotonka. TL084 ya ninka shi sauri sau da yawa, kuma masu gyaran amfilifaya sun san shi. In ka rasa a Wunti ko Babbar Kasuwa, ana samu a Sabon Gari ta Kano, ko a jikin tsohuwar miksa.

Ina zan samo wuta mai ƙasa da sifili?

Daga fawar galbo. Masu saurin 20K, wato maki 20,000 a daƙiƙa, galibi suna zuwa da fawa mai +15V da −15V, TL084 na ɗaukar wannan. Manya sukan zo da ±24V, wanda ya fi ƙarfin aisin, iyakarsa ±18V ce. A nan sa 7812 da 7912 su sauke ta zuwa ±12V. Kula, jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. 7812 shiga, giraun, fita. 7912 giraun, shiga, fita, kuma ƙarfen bayansa na haɗe da wutar shiga, don haka kar a ɗaura su a ƙarfen sanyaya ɗaya ba tare da abin raba su ba. Kowace ƙafar wuta ta aisi ta sami kafasita 100nF zuwa giraun, dab da jikinsa.

Ɓangaren launi fa? Mene ne bambancin TTL da analog?

Leza mai TTL kunnawa da kashewa kawai ta sani, da ja da kore da shuɗi launi bakwai za ka samu. 74AHCT125 ya ishe ta. Mai analog tana bin ƙarfin sigina. Don ɗaga 4.095V zuwa bolt 5, shigar da sigina ƙafar + ta ofam, sa 10k daga ƙafar − zuwa giraun, da 2.2k daga ƙafar − zuwa mafita. Ninkin 1.22 ne. Ga DAC mai 3.3V, sa 5.1k a madadin 2.2k. TL084 na biyu zai ɗauki launuka uku da madogarar nan, ya cika cif.

Tunda ofam na shan bolt 12 ko 15, ranar da wani abu ya kwance zai iya tura fiye da bolt 10 cikin direban leza. Rizista om 330 a jere da zena 5.1V zuwa giraun za su tare shi. Zenar na iya ɗan rage ƙololuwar haske, farashi ne mai sauƙi a kan ƙona diyod.

Abu mafi muhimmanci a nan: direbobi da yawa suna kunna leza da cikakken ƙarfi idan wayar sigina ta cire. Gwada naka da leza tana fuskantar bulo, ka sa rizista 10k daga mashigar sigina zuwa giraun. Sa irinta a mashigar 74AHCT125 ma, domin ƙafafun ESP32 a sake suke yayin da yake tashi.

Za ka kuma lura diyod ba ya fara haske daga sifili, wasu sai sigina ta kusa bolt 1. Nemo lambar da kowane launi ke fara haske ka sa ta zama mafari a manhaja. Idan fari ya fito da shuɗi-shuɗi, rage mai rinjaye, kar ka tura mai rauni sama da bolt 5.

Haruffa na fitowa da wutsiya. Ƙarfin sigina ne?

Ba shi ba ne. Madubi na da nauyi, yana isowa a makare, leza kuwa nan take take kunnawa. Jinkirta siginar launi da maki kaɗan a manhaja, fara da 3 ka riƙa ƙarawa har wutsiyar ta ɓace. Koren leza mai tsawon zangon haske 532nm ya fi mai 520nm jinkirin amsawa, yana iya neman nasa saitin. Kar ka taɓa firiset ɗin direban galbo don wannan, an saita su daga masana'anta kuma mayar da su ba osiloskof aiki ne ja.

Saurin da aka rubuta, 20K ko 30K, an auna shi ne a kusurwar digiri 8, wato faɗin santimita 70 daga nisan mita 5. In ka faɗaɗa hoto, sai ka rage gudu.

Layuka na rawa, musamman a kan janareta.

Giraun ne. Galbo na fizgar wuta da ƙarfi, kuma idan siginarka na bin waya ɗaya da wannan wutar wajen komawa, kowace fizga za ta bayyana a bango. Tara duk giraun a wuri guda kusa da fawa, kowane fanel da wayarsa. Murɗe X+ da X− tare kamar igiya, haka Y. Wayar intanet ta Cat5 na da irin waɗannan tagwaye huɗu a shirye.

Gwaji mai sauƙi: cire cajar laftof ka bar ta kan batir. In rawar ta tsaya, ƙarar ta caja ce ke bin USB. Ƙaramin janareta da inbata mai araha suna ƙara tsananta wannan.

Na ji ana amfani da katin sauti na USB a madadin DAC.

Ana yi, da masu mafita shida ko takwas irin masu aisin CM6206, a maki 48,000 cikin daƙiƙa. Sai dai kowace mafita na da kafasita da ke hana tsayayyen bolt wucewa, don haka madubi ba zai iya tsayawa a gefe ba, sai ya sulale ya dawo tsakiya. Dole a ɗauki siginar kafin kafasitan. A wurin za ka tarar da tsayayyen bolt biyu da ɗoriya, auna naka ka mai da shi madogarar da za a cire. Ga launi a sa firiset a kowane layi, don ɗan saura kaɗan ya isa ya bar leza a kunne. Wanda hoton kawai yake so, na'urorin DAC na saye irin Helios da Ether Dream na fitar da siginar ILDA a shirye.

Wane tsari zan bi wajen gwajin farko?

Cire galbo da leza gaba ɗaya. Auna fawa kafin ka soka aisi a soket. Saita madogara. Aika 0, 2048, 4095 ka duba X+ ya ba da kusan −4.9, 0, +4.9, X− kuma akasinsu, sannan Y. Launuka su nuna 0 da kusan 5. Daga nan jona galbo ba leza, a ƙaramin girma da maki 10,000, ka saurara: siririn sauti lafiya ne, ƙas-ƙas ko zafin da yatsa ba zai jure ba alama ce ta a kashe. Sai ka haska da ƙaramar leza da ba ta wuce miliwat 1 ba ka ga siffar. Babbar ita ce ta ƙarshe. Kar a cire ko a soka wayar galbo da wuta a jiki.

Yanayin garin nan na shafar aikin?

Sosai. A Maris da Afrilu zafi na kai digiri 40, direban galbo kuma dama mai zafi ne. Ɗaura shi a farantin alminiyam ka sa fanka, ka sake duba tsakiyar hoto bayan minti 20 da kunnawa. Da hunturu kuwa, bushewar iska na tara wuta a jikin mutum, tartsatsin da ba ka ma ji ba ya isa ya kashe diyod. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa fanel, kuma kar ka raba diyod da direbansa. Ƙura na sauka kan madubai, a hure ta da abin hura iska na roba, kar a goge da gefen riga.

Miliwat nawa ne ke cutar da ido?

Daga miliwat 5 zuwa 500 haske kai tsaye na iya lalata ido kafin a ƙifta. Sama da 500, ko wanda ya dawo daga bango na iya yin illa, yana kuma ƙona fata da yadi. Tabarau na walda ko na rana ba sa karewa, sai wanda aka rubuta tsawon zangon hasken da yake tarewa, kuma mai tare shuɗi da kore ba lallai ya tare ja ba. Kore mai 532nm maras matata yana zubo hasken da ido ba ya gani a 808nm da 1064nm.

Wannan na da alaƙa kai tsaye da sigina. Idan wayar X da Y ta cire, ko manhaja ta tsaya, madubai za su tsaya cak, duk ƙarfin ya taru a ɗigo ɗaya. Sa manhaja ta kashe launuka in ba sabon maki cikin ƴan milisakan, makunnin gaggawa kuma ya yanke wutar leza kanta ba sigina ba. A wurin biki hasken ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda mutane ke tsaye, ya ƙare a bango maras gilashi ko tayil mai sheƙi. Kar a harba shi sama ko kaɗan, jiragen da ke sauka a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suna ratsa sararin da hasken zai kai.